Ƙafar Isiyaku Direba

Ku samarin da kuke zuwa garejin nan kuna cewa aikin rewaya ya zama wasa, wai yanzu sai dai a jona kwamfuta a jikin mota ta faɗi ciwonta da bakinta, ku jawo benci ku zauna. Jiya na ji ɗayanku yana cewa motocin zamani su suke tuƙa kansu, direba riƙe sitiyari kawai yake yi. Tun da na ji maganar nan hankalina bai kwanta ba, domin nan da shekara biyu ko uku ku za a riƙa kawo wa motocin, kuma mutane za su shiga cikinsu da 'ya'yansu.

Sunana Hamisu, amma a Daura sai an ce Hamisu Rewaya ake gane wanda ake nufi. Ina ɗan shekara sha huɗu mahaifina ya kai ni wurin marigayi Malam Ɗanjuma, a rumfarsa ta bakin hanyar Zango. Kayan aikinmu duka a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe guda suke: filaya, sukurdireba biyu, salatif, da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar mota da aka ɗaura wa waya biyu. In ka taɓa ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, ka ci gaba da bin wayar har ka iske inda ta katse. Shekara biyu ina kankare kan batir ina wanke kikstata da fetur kafin ya yarda na yanke waya ɗaya da hannuna. Shi kuwa da hanci yake fara aiki. Zai cusa kai ƙarƙashin dashbod ya shaƙa, ya ce, "A nan ta ƙone." Ya yaye ni a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, kuma aikin da na fara ci da shi da kaina shi ne ɗaura lasifika a kan motocin masu wa'azi.

Haibirid ta farko da ta shigo hannuna ta wani mai fataucin shanu ce daga garin Babban Mutum, 'yar Kwatano, fara. Fitilarta ce ba ta kamawa. Na zauna na danna maɓallin tayarwa, na ji shiru. Na sake dannawa, shiru. Na ce wa direbansa kikstata ce ta mutu, na buɗe bonet ina nemanta. Babu ita. Ina cikin lalube sai injin ya tashi da kansa, hannuna yana dab da fanka. Ashe tun ɗazu motar a kunne take. Da na dawo hayyacina sai na hango wata waya mai kauri, mai ruwan lemo, na miƙa filaya zan ɗaga ta in ga inda ta nufa. Direban ya riƙe mini hannu.

"Malam, wanda ya sayar mana ya ce kowace waya a taɓa, ban da mai ruwan lemo. Ya ce kisa take yi."

Ranar na gyara fitilar, na rufe rumfa da wuri. Bayan sati biyu na tafi Kano, ina da shekara kusan arba'in da 'ya'ya biyar, na durƙusa a gaban wani Bashir da na girme shi da shekara goma na ce ya koya mini. Wata uku na yi a wurinsa. A nan na san cewa motar ƙarfi biyu gare ta, na injin fetur da na lantarki, kuma babban batir ɗinta yana kwance ƙarƙashin kujerar baya. Idan tana tafiya a hankali, ko direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sai injin ya mutu lantarki ya karɓa. Idan aka taka birki a hankali, ƙarfin tsayawar nan ba ya tafiya a banza, batir yake komawa. Daga nan ne rashin shan manta yake.

A wurin Bashir kuma na fara ganin abin da direbobi suke kira kuruz. Tsohon kuruz gudu kawai yake riƙewa. Na waɗannan motocin yana da ido, wata 'yar na'ura a bayan tambarin gaban mota, wadda take auna tazarar da ke tsakaninka da motar da ke gabanka. Ka sa mata gudun da kake so da ɗan yatsa a jikin sitiyari, ka janye ƙafarka. In na gabanka ya rage gudu, ita ma ta rage. In ya kauce, ta koma gudunta. Ranar da Bashir ya nuna mini a hanyar Zariya, gashin jikina ya tashi. Sai ya ce, "Yaya Hamisu, kada ta burge ka da yawa. Abin da yake tafiya take bi. Abin da yake tsaye cik a kan titi, sau da yawa ba ta ganinsa sai an zo kansa. Waɗanda suka ƙera ta ba su san amalanken shanu ba."

Da aka cire tallafin mai, farashi ya tashi, rabin motocin tashar Daura suka kwanta. Direba zai je Kano ya dawo, ya tarar duk wahalar da ya sha gidan mai ya yi wa. A lokacin ne Isiyaku ya zo wurina. Isiyaku abokina ne tun muna yara, unguwarmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya. Ya fi shekara ashirin yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Kano, bai taɓa kashe ko akuya ba. A tasha Ƙafar Auduga suke ce masa, saboda yadda yake taka totur kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da gonar da ya gada a wajen Sandamu, muka tafi Kano tare na zaɓar masa haibirid mai kuruz.

Satin farko muka yi gardama a kan abin da ya fi tattalin mai, ƙafarsa ko na'urar. Motar tana da allo a dashbod da yake nuna yadda ta sha mai a kowace tafiya, don haka muka ce a gwada. Ya yi sati guda da kuruz, ya yi sati guda da ƙafa. Ƙafar ta yi nasara, kuma ba da kaɗan ba. Dalilin a fili yake. Isiyaku yana hango tirela tun daga nesa, sai ya ɗaga ƙafa, motar ta yi ta sulalawa injin a mace, batir yana cika. Kuruz kuwa sai ya riƙe gudunsa har ya zo kusa da tirelar, ya ja birki, in hanya ta buɗe kuma ya zabura da ƙarfi don ya koma gudun da aka sa masa. Wannan zaburar ita take shanye man. A miƙaƙƙiyar hanya wadda babu kowa, kuruz yana yin daidai da direban kirki, yana kuma fin mai gaggawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ce wa matasan direbobi su yi amfani da shi, su sa tazara mafi nisa, su rage gudu. Amma Isiyaku ba ya buƙatarsa. Ya yi dariya ya ce, "Hamisu, na'urar nan ba ta san inda ramukan Kazaure suke ba." Daga nan bai ƙara taɓa maɓallin ba, ko kuma haka na ɗauka.

Ganin yadda Isiyaku yake dawowa da saura a tanki, direbobi bakwai suka bi sahunsa, duk da shawarata. Sai bazara ta shigo, kuma ita ce mummunar shekarar da ban taɓa ganin irinta ba a sana'ar nan. Batir ɗin nan yana da 'yar kafar shan iska a gefen kujerar baya. Na gaya wa kowannensu kada a toshe ta. Amma direban haya ya saba da mutum huɗu a baya, da buhun gero a cinya, da ƙullin kaya a kowane lungu. Kafin ruwan farko ya sauka, batir biyar sun dahu. Mota ta tsaya a tsakiyar hanya da jar fitila a dashbod, a jawo ta da igiya har ƙofar rumfata, mai ita yana biye yana cewa, "Kai ka ce mu saya." Wani ya zo da 'yan'uwansa uku suka zauna a bencin nan da kuke kai tun hantsi har la'asar, kallona kawai suke yi. Na shafe watannin nan ina kwance batir ɗaya bayan ɗaya, ina gwada kowane ɓangare da mita, ina ware masu rai daga matattu, hannuna cikin safar roba gumi yana taruwa a yatsu. Kuskure ɗaya a wurin nan, sai dai a kira iyalinka.

Motar Isiyaku ba ta yi ko tari ba. Mutum uku yake ɗauka a baya, ɗaya a gaba, kuma duk Juma'a sai ya goge kafar iskar da burushi. Da 'yan tasha suka taru za su yanke cewa kada wanda ya ƙara kawo mini aiki, shi ya miƙe ya ce, "Ku je ku duba tawa. Abin da Hamisu ya gaya muku shi ya gaya mini. Ni na ji, ku ba ku ji ba." Maganarsa ce ta sa rumfar nan ba ta rufe ba. Ku riƙe wannan, don ku gane nauyin abin da ya biyo baya.

Da damina ta yi tsakiya, ranar wata Talata, sai ga Isiyaku da bamba a fashe. Rago ya buge a Sandamu. Mai gyaran bodi ya riga ya ɗaure bambar, amma idon da ke bayan tambari ya karkace, kuruz ya ƙi kamawa. Na duba na ce masa wannan ba abin damuwa ba ne.

"Motar lafiyarta ƙalau. Allon da ake saita idon da shi yana Kano wurin Bashir. Ka ci gaba da aikinka, ran Asabar in an kawo sai mu gyara."

"Ran Asabar? A'a, Hamisu. Yau nake so."

"Yau kuma? Kai da ba ka amfani da shi?"

Ya ciro waya ya kira wani direba da yake shirin tasowa daga Kano, ya roƙe shi ya biya ta wurin Bashir ya karɓo allon. Sannan ya zauna a inuwa. Fasinja suna can tasha suna jiransa, shi kuwa ya ajiye mota mai lafiya ya zauna.

Kafin allon ya iso na ce bari in duba sauran jikinta. Na taɓa allon dashbod na ga tarihin shan manta na watannin baya. Ya hau, kuma ba ranar ɗaya ba, a hankali ya yi ta hawa. Na ɗauka batir ne ya fara gajiya, na jona kwamfuta, na tarar batir garau. Na duba iskar taya, daidai. Na cire tayar gaba na leƙa birki, sai na ga ya ci sosai. A haibirid birki yana daɗewa, saboda lantarki ne yake yin yawancin tsayawar, sai fa in ana taka shi da ƙarfi a makare. Motar da ke gabana ba ta yi kama da motar Ƙafar Auduga ba. Na tambaye shi ko yana ba wani ita.

"Ni kaɗai nake tuƙa ta," in ji shi, yana kallon titi.

Saitin idon yana son daidaitaccen wuri, don haka da allon ya iso bayan azahar muka kai ta dandamalin wani gidan mai da ya rufe. Na saki igiya mai dutse daga tsakiyar tambari, na ja layi, na auna tazara da tef, na kafa allon, na bar kwamfuta ta yi nata. Fitilar gargaɗin da ke kunne a dashbod ta mutu. Ƙa'idata ce ba na sallamar mota sai an gwada ta a titi, kuma yawanci ni nake tuƙawa. Ranar ban san abin da ya sa na ce masa shi ya tuƙa ba.

Muka ɗauki hanyar Zango. Muna fita daga gari ya danna kuruz. Na lura ba da ƙafa yake ƙara gudu ko ragewa ba, da babban yatsansa yake yi a jikin sitiyari, danna sama, danna ƙasa, cikin gwaninta irin ta wanda ya daɗe yana yi. Ƙafarsa ta dama tana shimfiɗe a ƙasa. Muka bi bayan wata motar kaya, tamu ta rage gudu da kanta, idon yana aiki daidai. Motar kayan ta kauce ta shiga wani ƙauye, tamu ta zabura. Muna shan wata kwana sai ga amalanken shanu a tsaye a hannunmu, tayarsa ta fashe, mai shi yana tsugune a gefe.

"Isiyaku, amalanke."

"Na gani."

Motar ba ta rage ba. Na ga ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa, yana neman birki da ido. Ya ɗaga ƙafa ya taka, ta goce. Sai a lokacin motar ta fara ƙarar gargaɗi. Ya sake takawa da dukkan ƙarfin gwiwarsa, ya murɗa sitiyari, muka sauka daga kwalta muka nutse cikin taɓo a bakin wata gonar gero. Ƙahon ɗaya daga cikin shanun ya wuce ta gefen gilashina, har na ga igiyar hancinsa. Mai amalanken yana ta salati.

Da na leƙa ƙasa sai na ga takalmin Isiyaku na dama ya cire, ya maƙale a ƙarƙashin birki.

"Takalminka ya fita," na ce.

Ya duba. Bai sani ba. Na fita na zagaya na buɗe ƙofarsa, na ɗaga ƙafar. A tafinta, kusa da yatsu, akwai wani gyambo mai faɗin kwabo, bakinsa ya yi baƙi. Na danna gefensa da yatsa. Ko motsi bai yi ba.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara," in ji shi. "Suga ne. Da farko kamar tururuwa take bi na. Yanzu kamar itace aka ɗaura mini. Ba na jin totur, ba na jin birki, sai na duba."

"Kuma kake ɗaukar mutane?"

"Motar tana taimakona. Wata nawa ina yi, ban da ragon nan me ya faru? Hamisu, gonar ta tafi. Mutum tara ne suke ci a motar nan. 'Yata Zainabu tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Ka bari ta gama, wallahi da kaina zan ajiye." Ya riƙe hannuna. "Amana na ba ka. In 'yan tasha suka ji, na gama."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Manoma suka taimaka muka turo motar, na tuƙo mu gida, na miƙa masa makulli a ƙofar rumfa. Wannan miƙa makullin shi ne aiki mafi muni da na taɓa yi a sana'ata, kuma na san haka tun hannuna bai sauka ba.

Sauran yinin ban iya komai ba. Wata mota da aka kawo don hon, na yanke mata wayar sigina. Bayan la'asar na tsaya wurin Malam Ayuba, limamin masallacin da muke salla a nan bakin gareji, na ba shi labarin ban ambaci suna ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Rufin asirin ɗan'uwa abu ne mai kyau, amma ba a kan rayukan mutanen da ba su san abin da suka shiga ba. Ka fara zuwa wurinsa shi kaɗai. In ya ƙi, ka je wurin wanda zai iya hana shi." Na ce to. Na ce a raina gobe da yamma zan same shi a gida, in ya dawo daga Kano. Kun ji dai, in ya dawo.

Da safe ina shan koko sai maiɗakina ta ce, "Af, Yaya Hajara ta aiko a gaya maka ta tafi Kano ganin likitan ido. Ta ce motar Isiyaku za ta shiga, ita ce mai sanyi."

Yaya Hajara ita ta goye ni. Ban san lokacin da na hau babur ba. Na isa tasha na tarar motar tana kan layi, mutum uku a baya, saura kujerar gaba. Isiyaku yana tsaye wurin mai shayi. Na buɗe ƙofar baya.

"Yaya, fito."

"Lafiya, Hamisu? Wani abu ya faru a gida?"

"Ba komai. Fito dai, zan sa ki a wata."

Na ɗauki jakarta. A kusa da ita akwai wata matashiya da jariri a cinya, sai wani dattijo mai rawani a ƙarshe. Matashiyar ta dube ni, ta dubi jakar da ke hannuna, ta ce, "Malam, motar ba ta da lafiya ne? In da matsala ka gaya mana mu ma."

Na tsaya da jaka a hannu. Ni na saita idon motar nan jiya. Ni na san abin da yake gani da abin da ba ya gani. Kuma ga ni na zo in cire tawa in bar na wasu. Na mayar da jakar kan cinyar Yaya na ce su yi mini haƙuri minti biyar.

Na ja Isiyaku bayan rumfar mai shayi. Ya riga ya ga abin da na yi, fuskarsa ta nuna.

"Ba za ka tuƙa motar nan ba yau," na ce. "Ko ka ba ni makulli in kai su, kai kuma ka zauna a gaba mu wuce asibiti, ko in je wurin shugaban tasha yanzu. Ka zaɓa."

"Ni za ka yi wa haka? Ni da na tsaya maka a wurin nan?"

"Ka tsaya mini. Ban manta ba."

"To ina amanar?"

"Isiyaku, akwai jariri a motar nan."

Sai ya wuce ni, ya ajiye makullin a kan bonet, bai ba ni a hannu ba, ya zagaya ya shiga kujerar gaba. Ɗan kamasho ya tambaya, na ce gyara na yi jiya ina son in ji ta a doguwar hanya.

Ban taɓa kuruz ba ranar. Har muka wuce Sandamu fuskarsa tana waje. Ni kuma tuƙin bakanike nake yi, taka ka saki. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɗaga ƙafarka. Ba ka ga tirela ba?" Na ɗaga. Injin ya mutu, motar ta ci gaba da sulalawa. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Akwai gangara a gaba, kada ka ba ta wuta." Haka muka yi har Kano. Bai yi mini wata magana ba sai ta hanya: ina rami yake, ina ake tsallaka da shanu, ina 'yan makaranta suke fitowa. Da muka sauke fasinja na dubi allon dashbod, ban taɓa tuƙa mota ta sha mai kaɗan irin na ranar ba.

Likitan da ya duba ƙafar bai bar shi ya koma gida ba. An cire masa yatsu biyu a satin. Likitan ya ce da an ƙara wata guda, da maganar gwiwa ake yi, kuma ya ce batun tuƙin haya ya ƙare. Ni na koma Daura da motar, ni na je na gaya wa iyalinsa.

Da aka sallamo shi, da kansa ya je ya gaya wa shugaban tasha komai. Suka ba shi tebur a bakin ƙofa, yana rubuta sunayen fasinja. Motar kuma ƙanensa Sule yake tuƙawa, mutumin kirki ne amma ƙafarsa nauyi gare ta, abin da yake kawowa gida bai kai na da ba. Zainabu sai da ta zauna shekara guda a gida kafin ta koma ta ƙarasa. Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba.

Har yau motar a nan ake gyara ta, amma Sule ne yake kawowa. Isiyaku bai ƙara taka rumfar nan ba. In mun haɗu a masallacin Juma'a yana ba ni hannu, ya tambayi iyali, in tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya tun ba mu san kanmu ba, yanzu Malam Hamisu yake ce mini.

Don haka idan aka kawo muku irin motar nan, ku saita idon yadda na koya muku, igiya da tef da allo, kada ku yi da ka. In kun gama, kada ku karɓi makulli ku zagaya da ita ku kaɗai. Ku ba mai ita ya tuƙa, ku zauna a gefensa, ku fita da shi bayan gari. Kwamfuta ta riga ta gaya muku lafiyar motar. Ku ku dubi ƙafarsa.